Fatalwar da Ta Yi Sallama

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da Malam, mahaifin yarinyar da nake nema, ya aiko in zo Kibiya ba, saura kwana shida a sa mana rana. Na hau babur na tafi, ina sane da abin da na aikata.

Ni tela ne a Rano. Wani abokina ya shirya fim na fatalwa a wani tsohon gida a Dawaki, ni kuwa na nace sai an sa ni. Aka yafa mini farin zanen gado, aka shafe mini fuska da fulawa. Sauran 'yan wasan sun yi ƙoƙari ƙwarai. Wadda ta fito a matar mamacin da nake fatalwarsa ta yi kuka har masu kallon ɗauka suka riƙa share hawaye. Matsalar fim ɗin ɗaya ce, ni. Da na zo shiga ɗakinta in razana ta, sai na tsaya na cire takalmi, na yi sallama (sabo ne, wallahi ban san na yi ba). Batirin kyamara ya kusa mutuwa, aka bar fim ɗin haka. Fim ya bazu a wayoyi, ana ta dariya.

Dama Malam ya taɓa tambayata ko ina harkar fim, na ce a'a.

Na durƙusa a zaure. Ya miƙo mini waya, ga ni ina sallama.

"Ka san wannan fatalwar?"

"Allah gafarta Malam, ban taɓa ganinta ba." (Ƙarya ta biyu ke nan.)

Ya leƙa bakin ƙofa, ya daɗe yana duban takalmana.

"To ta ba ka aron takalmanta."



"Fim ɗin bai dame ni ba," in ji shi. "Ko jikokina bai hana su barci ba. Har na yaba da ladabin fatalwar. Ƙaryar ce ta tsorata ni."

Na ba da haƙuri. Ya ɗaga sa ranar wata biyu, ya ce in je in yi tunani.

Na yi tunanin. Ban iya ba da tsoro ba, ban iya ƙarya ba. Na koma kan keken ɗinkina, na roƙi Allah gafara.