Yadda Za Ka Zaɓa wa Iyalinka Gari a Bakin Teku Ba Tare da Ka Tambayi Matarka Ba

Kai da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Dar es Salaam, kake mafarkin ɗan ƙaramin gari a bakin teku, inda yarinya za ta yi guje-guje, uwarta ta sha iska, kai kuma ka isa ofis kafin a fara cigiyarka: share hawayenka. Matakan nan an gwada su a kan mutum mai rai, kuma na ba ka tabbaci, in ka bi su sai ka samu gida.

Mutumin da aka gwada su a kansa shi ne Lusekelo Mwakibete, ɗan Mbeya, can cikin duwatsu da gonakin ayaba, mai aiki a kamfanin sayar da iri. Ranar da takardar canjin ta zo, matarsa Tumpale ta ɗago kai daga keken ɗinkinta ta ce, "Baban Atu, zan zo in gani, wuni ɗaya. In wurin bai yi mini ba, ni da 'yarka Atu muna nan. Ka riƙa zuwa mana Kirsimeti." Mutumin da ko tafiyar kwana biyu ya yi sai ya rame, ka ga kuwa an ɗora masa babban aiki.

Mataki na ɗaya: Kada ka saurari abin da ta ce tana so

Za ta ce ruwan sha mai daɗi, makaranta kusa, asibitin yara, maƙwabtan kirki. Gyaɗa kai kawai. Masana zuciya sun tabbatar cewa abin da mace ke so na gaske ta riga ta faɗe shi tun kuna saurayi da budurwa, sau ɗaya, cikin raha. Shekara bakwai da suka wuce Tumpale ta ga hoton teku a kalandar wani shago ta ce, "Kai, wurin nan da kyau." Ita ta manta kafin su kai bakin titi. Lusekelo kuwa ya naɗe maganar ya ajiye a ƙirji kamar wasiƙar farko. Haka ake so.

Mataki na biyu: Auna nisan gari ranar Lahadi

Gari nagari shi ne wanda ke kusa da birni, kuma babu ranar da garuruwa ke matsowa kusa kamar Lahadi. Lusekelo ya shiga daladala, wato motar haya, daga Dar ya nufi wajen Bagamoyo, titi fayau, kwandasta har gyangyaɗi yake. Awa ɗaya da 'yan mintuna suka isa. Ka rubuta wannan a ranka, kada ka sake gwadawa. Abin da titin nan ke yi ranar Litinin da safe sirri ne tsakaninsa da waɗanda suka riga suka ƙaura.

Mataki na uku: Bar dillali ya zaɓi lokacin ganin gida

Nemi dillali mai furfura da tattausar murya, irin Mzee Shomari.

"Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ɗana," in ji shi a waya. "Kada ka zo kafin nan, ina da jana'iza."

Mzee Shomari kullum yana da jana'iza har huɗu da rabi, duk ranar da zai nuna gidan nan. Kada ka tambayi wa ya rasu.

Da suka isa, sai ga teku shuɗi shar, ya cika ya batse, yana lasar matakalar gidan a hankali kamar kyanwa. Kwale-kwale na rausaya, inuwar kwakwa ta kwanta a kan ruwa. Lusekelo, wanda babban ruwan da ya saba da shi tafki ne mai zama inda aka bar shi, ya tsaya idonsa ya ciko. Ya hango Tumpale a taga, iska na wasa da ɗankwalinta. Wa zai ga laifinsa?

Wata dattijuwa a gidan maƙwabta, wadda ake kira Bi Mwanahawa, tana kankare kwakwa a bakin ƙofa, ta ce, "Baƙo, ka taɓa zuwa da hantsi?"

"Mwanahawa, wa ya sa da ke?" in ji Mzee Shomari. "Ɗana, zo ka ga banɗaki."

Bi shi ka ga banɗaki.

Mataki na huɗu: Yi alkawari a waya, tun kana tsaye a wurin

"Maman Atu, in kin miƙa hannu ta tagar madafa, teku za ki taɓa."

"Akwai famfo?"

"Ina ce miki teku, kina ce mini famfo?"

"Da teku zan dafa wake?"

Wannan alamar zumuɗi ce. Sa mata ranar zuwa, bayan mako biyu.

Mataki na biyar: In teku ya tafi, yi kamar ba ka lura ba

Tumpale ta kwana wurin gwaggonta a Dar, suka iso ƙarfe goma na safe, Atupele, wato Atu, 'yar shekara biyu da rabi, a goye. Lusekelo ya rufe wa matarsa ido da tafin hannu, ya kai ta bayan gida, ya buɗe.

Babu teku. Laka ce shimfiɗe har iyakar gani, da ciyawar ruwa, da ƙananan kaguwa suna kai da kawo. Kwale-kwalen nan duk sun kwanta a gefe ɗaya kamar shanu masu zazzaɓi. Can nesa, inda sama ta haɗu da ƙasa, wani farin zare na ƙyalli.

"Ina yake?" in ji Tumpale.

"Nan na bar shi."

"To, wa ka ba ajiya?"

Bi Mwanahawa ta fito da bokiti da sanda, ta dube shi da tausayi. "Mutanen tudu ke nan. Ya fita, ɗana. Sai la'asar zai dawo. Kullum sau biyu yake yi, tun kafin a haifi Shomari."

A nan ka ce, "Ai na sani." Muryarka za ta yi rawa. Ka ce iska ce.

Mataki na shida: Ja lokaci har ya dawo

Awa shida ce kawai. Lusekelo ya sayo shayi mai citta da wainar shinkafa, ya sake sayowa, ya fara ba da tarihin tagogin gidan. Kafin ya kai taga ta uku Tumpale ta tuɓe takalmi, ta bi Bi Mwanahawa cikin laka, wurin matan da ke tsintar kifin da ruwa ya bari a ramuka. Atu na bin kaguwa tana ihu. Daga can suka zarce cikin gari, aka bar shi zaune a matakala yana gadin inda teku yake a da.

Sai wajen ƙarfe uku suka dawo, Tumpale fuska a sake.

"Rijiyar gidan nan zartsi ce, amma akwai famfo a bayan makaranta. Asibitin yara na buɗe kullum. Ayabarsu dai abin tausayi ce. Kuma duk unguwar nan tela ɗaya ne, shi ma wando kawai ya iya." Ta kakkaɓe ƙafa. "Garin bai da laifi. Mu tafi kafin mota ta yi wuya."

Mai hankali zai tashi a nan. Kai kada ka tashi.

"Ki ɗan jira, Maman Atu. Ba ki ga abin da na kawo ki gani ba."

Mataki na bakwai: Tsaya kan bakanka har ta ga abin da idonta

Teku ya dawo kuwa. Da fari zare, sai tabarma, sai ga shi yana tahowa da saurin mai tafiya kasuwa. Ya cike ramukan da Atu ta yi wasa a ciki, ya ta da kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya, ya haɗiye turakun da matan suka kafa a laka, ya zo ya dafa matakala ta farko, sannan ta biyu. Lusekelo ya buɗe hannuwa kamar shi ya kira shi.

"Kin gani?"

Tumpale ta gani. Ta fizgo Atu, wadda ta riga ta sa ƙafa ɗaya a ruwa, ta ɗaure ta a baya tamau.

"Inda yarinyar nan ta zauna ɗazu, yanzu ya shanye mutum tsaye?"

"Amma dubi launinsa..."

"Baban Atu, abin nan har ƙofa yake zuwa, sau biyu a rana, ba sallama. Ina kan keke, na juya baya minti ɗaya, sai me? Ba zan kwana a gidan nan ba ko sau ɗaya."

Lusekelo ya hango kansa shi kaɗai a ɗakin haya, yana cin wake a tukunya, yana jiran Disamba. Da ƙyar ya ce, "Shi ke nan, Mbeya za ku koma?"

"Wa ya ce? Mama," ta juya wajen Bi Mwanahawa, "gidan ƙanen naki da kika nuna mini, na bayan makaranta, mai katanga da bishiyar mangwaro, har yanzu ba kowa?"

"Ba kowa, 'yata, sai kaji."

"Daga can ana ganin teku?" in ji Lusekelo, a hankali.

"In ka hau tankin ruwa," in ji Bi Mwanahawa, "ka kuma yi ɗage."

Ƙarshen wata suka tare. Tsani shi ne abu na farko da ya saya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a laka, ko zartsi, ko tashin asuba don kama daladala. Bai san inda teku ke zuwa ba, bai kuma yi alkawarin dawo da shi ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari a gidan da matarsa ta zaɓa, cikin garin da yake ta gaya wa abokai shi ya gano, to ya yi shiru ya gode wa Allah. Wanda kuma ya faɗo daga kan tanki, asibitin na yara ne, sai dai ya roƙe su.