Ranar da Na Raba Faɗan 'Yan Zari-Ruga

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a filin ƙwallon Samaru ba, domin har yau haƙarƙarina na tuna mini idan sanyi ya shigo.

A lokacin ni ne mai tsaron gidan wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ta samarin Jushi. Filin ba namu kaɗai ba ne. Mu da yamma muke amfani da shi, da safe kuma wasu ɗalibai ne 'yan zari-ruga. Ban taɓa ganin wasansu ba, na dai san mukan tarar sun tumurmushe mana ciyawa, mu yi ta zaginsu a bayan ido.

To, akwai Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya da muke cikin mawaƙan coci tare. Na daɗe ina nemanta, tana ja mini aji. Da kyar ta yarda ta zo ta kalli wasanmu, wanda aka dawo da shi sha biyun rana. Na ɗauko ta a babur tun daga Sabon Gari, na sha jar rigar gola, ina ta cika mata baki cewa ko a coci ni ake kira idan matasa sun yi rigima. (Sau ɗaya aka taɓa kirana, shi ma benci na ɗauko.)

Muna shiga fili sai na hango ƙarti sun haɗa kai, sun sunkuya, suna ture juna suna gurnani, jama'a kuma na tsaye suna tafi. Na ce, "Kai! Faɗa ake yi ana kallo? Riƙe mini makullin nan."

Ta ce, "Tsaya mana, ai..."

Ina! Na riga na yi nisa. Ina gudu ina ihu, "Ku bari! Ku ji tsoron Allah, ku 'yan'uwan juna ne!" Ba wanda ya ɗago. Sai ga wata ƙwallo ta gangaro daga ƙarƙashin ƙafafunsu, doguwa kamar gwanda. Na ce a raina, ji yadda suka lanƙwasa ta garin faɗa. Na sure ta, na rungume a ƙirji, na ce, "Ba mai taɓa ƙwallon nan sai kun shirya!"

Ashe 'yan zari-rugar ne, haka wasansu yake, wanda ya riƙe ƙwallo shi ake kayarwa. Abin da ban lura ba shi ne, ɓangare ɗaya jajayen riguna suka sa, irin tawa sak.

Ban ga mutumin ba, iskarsa kawai na ji. Sama ta koma ƙasa, takalmina ɗaya ya yi nasa wuri, bakina ya cika da ciyawa. Kafin in ce wayyo wasu biyu sun ƙaru a kaina. Alƙali ya busa usur, wani daga sama na tambaya, "Who be dis one?"

Da aka zare ni daga ƙasa, fili gaba ɗaya dariya ake, har da 'yan ƙungiyarmu da suka fara isowa. Rifkatu ta iso hawaye na zuba (na ɗauka na tausayi ne), ta dubi ƙaton da ya maka ni da ƙasa ta ce, "Haba Yaya Istifanus, baƙona ne fa!"

Ashe yayanta ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kakkaɓe mini ciyawa, ya ce, "Wannan ne golan naki? To, gaskiya yana da riƙo. Mu uku muka hau shi bai saki ƙwallon ba."

Ranar a benci na kalli wasanmu, ita kuma tana danna mini haƙarƙari tana cewa, "Nan ne, mai sulhu?"

Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma duk dangin matata ba wanda ya san sunana na gaskiya, Mai Sulhu suke kirana. Ni dai na koyi abu guda: idan ka ga ƙarti na kokawa jama'a na tafi, ka nemi wuri ka zauna, kai ma ka tafa.