Sukarin Kumandan

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankinmu, ya shigo ajinmu a lakwal ɗin Madawa, wato makarantar boko, lokacin babban yaƙin Nasara. Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Urno, kamo ni aka yi aka kawo, ga ni da tsoro kamar farar kura.

Ranar da za a tafi da ni, kakata Ige ta ja kunnena. "Maigidana, duk abin da Anasara ya ba ka na ci, kar ka haɗiye. Wanda ya haɗiye, harshenshi juyewa yake, ya mance Hausa, ya mance uwar da ta haife shi. Ƙulle ka kawo min, ni na san yadda ake kashe dafin." Na kuwa riƙe. Duk ƙwayar sukarin da aka raba mana, a bakin zane nake ƙulle ta sai hutu.

A makon da Kumandan ya zo, Mushe, malaminmu, yana koya mana abin da Faransawa ke kira jerondif, wato yadda ake faɗin aiki biyu da mutum ke yi lokaci guda: ana tafiya ana waƙa, ana daka ana hira. Don ya burge baƙo, sai ya ce a gwada a aikace. Wani ya yi tafiya yana waƙa, wani ya yi shara yana fito. Kumandan ya ji daɗi, ya zaro ƙwayar sukari daga aljihu, ya nuna ni (ni da na laɓe bayan wani dogo, na ɗauka na tsira). Nawa aikin shi ne magana ana ci.

Ga bulalar Mushe a gaba, ga gargaɗin Ige a baya. Na tura sukarin a kunci, na rantse a raina ba zan haɗiye ba. Ya soma narkewa, miyau ya cika min baki. Na buɗe baki zan ce "Je parle en mangeant", wato ina magana ina ci, sai ji na yi muƙut! Ya wuce.

Wallahi na sadaƙar tawa ta ƙare. Na fashe da kuka, na hau jero dangina da ƙarfi tun kafin su ɓace min: "Innata Hassu! Babana Ila! Ige! Akuyarmu mai ƙaho ɗaya!" Aji ya ɗauke da dariya, har Kumandan yana share hawaye. Mushe bai yi dariya ba. Ya rataya min ƙashin kan jakin da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa a aji, na yini da shi a wuya.

Da hutu na durƙusa gaban Ige, na gaya mata na haɗiye.

"To yanzu da wane harshe kake gaya min?" in ji ta. Sai ta matso. "Duka ka haɗiye? Ko ɓari ba ka rago wa matarka ba?"

A nan na gane inda ake kashe dafin. Tun daga ranar, in tsoho ya ce abu dafi ne a kawo masa ajiya, bakinsa nake fara dubawa.