Rasuwar Dogo, Linzamin Kwamfutar Jabiru

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abokin zama, Jabiru mai shagon buga takardu a bakin tashar motar Yelwa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Yawuri, Ngaski da Shanga rasuwar linzamin kwamfutarsa, wanda 'yan boko ke kira mawus, shi kuwa yake kira Dogo saboda tsawon wayarsa. Dogo ya cika ranar Laraba da hantsi a garin Wara, bayan jinyar mako uku. Shekararsa ɗaya da wata biyu a hannun Jabiru. Abin da ya yi a duniya kafin nan sai dillalin Kano ya sani, domin gwanjo ne.

Marigayin mai ladabi ne, bai taɓa ɗaga murya ba. Duk maganarsa ƙyas ce, in abu ya yi tsanani ya ce ƙyas-ƙyas. Inda aka nuna masa nan yake zuwa. Dillalan kifi sukan bar kwandunansu su tsaya bakin taga, don kawai su ga ana jan abu a kan tebur, kibiya tana yawo cikin gilashi.

Albarkacin Dogo ne Jabiru ya yi baki. Shekara shida ya yi a gindin darbejiya yana koyon tafireta wajen Madam Susan, tsohuwar akawun da ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Ranar da ya buɗe shago, daɗi ya kwashe shi, ya faɗa gaban jama'a cewa zamanin tafireta ya mutu, saura a kai shi. Maganar ta isa gindin darbejiya kafin la'asar. Tun daga ranar kunya ta hana shi bin hanyar, sai dai ya zagaya ta bayan kasuwa, ko da ruwa ake yi.

Ciwon ya taso ne daidai lokacin da ƙungiyar masunta ta ba shi wasiƙu arba'in na gayyatar taro, kowace da sunan mai ita, a kan lallai su bi jirgin ruwan Asabar ɗin nan mai zuwa, zuwa garuruwan bakin tafki. Babu wata kwamfuta a unguwar, sabon linzami kuwa sai an jira mai zuwa Kano. Jabiru ya sani sarai, in Dogo ya kwanta hanya ɗaya ta rage masa, ita ce gindin darbejiya. Shi ko ya gwammace ya haye tafkin Kainji da iyo.

Ciwo ne mai wasa da hankali. Dogo yana tafiya lafiya lau sai ya sandare, kibiya ta tsaya cak kamar jakin da ya ga gada. A jijjiga shi, shiru. Da Jabiru ya kira maƙwabci ya zo ya gani, sai Dogo ya warware ya kama aiki, ya bar mai gidansa da kunyar ƙarya.

Ba a yi sakaci da jinya ba, jama'a shaida ne. An hura masa iska. An ɗan buga shi a tebur, da farko cikin lallashi, daga baya ba cikin lallashi ba. An zare wayarsa an mayar, an kashe kwamfuta an kunna har ba a san adadi ba. An sake masa shimfiɗa, daga roba zuwa kwali, daga kwali zuwa bayan faranti. An kwance cikinsa an ciro 'yar ƙwallon, an goge ta da gefen riga, ya sami sauƙi na wuni guda. Abin da babu wanda ya leƙa shi ne 'yan sandunan da ƙwallon ke murzawa, inda man soyayyen kifin da Jabiru ke ci a bakin aiki ya daskare ya yi kauri.

Da abin ya faskara, sai aka kai shi Wara wajen Elijah, makanikin injin jirgi da bai taɓa mayar da inji gida bai tashi ba. Elijah ya juya shi, ya shinshina.

"Wanga ba ciwo na ba, dauɗa ta," in ji shi. "Duk abin da ka tahiya shina tsayawa, hetur shika so."

Ya tsoma kayan cikin Dogo a gwangwanin fetur yadda yake yi wa fulogi, ya dirje su da tsohon buroshi, ya shanya a bakin kwalekwale. Kafin su gama gaisawa da mutane ƙwallon ta kumbura ta yi laushi kamar ɗanwake, ta ƙi komawa mazauninta. Aka danna Dogo, bai ce ƙyas ba.

"Kwananai sun ƙare, Jabiru," in ji Elijah, ya cire hula.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfuta, wadda aka lulluɓe da zane tana takaba, da allon haruffa, wanda lafiyarsa ƙalau amma Jabiru bai san yadda ake tuƙi da shi kaɗai ba. Ya bar firinta, da janareto wanda ya fi kowa kuka. Ya kuma bar marayun wasiƙu ashirin da tara.

Saboda marayun nan ne Jabiru ya bi hanyar gaban kasuwa ranar Alhamis da safe, takardu a hammata. Ya durƙusa gefen teburin Madam Susan.

"Inna, ina kwana?"

Sai da ta kai ƙarshen layi, ƙararrawar tafireta ta buga, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Lahiya lau, ɗana. An ce an yi maka rashi."

"An yi, Inna."

"Ka yi haƙuri ban zo gaisuwa ba. Mu da munka mutu tun bara, hita tana yi muna wuya."

Jabiru ya so ƙasa ta tsage. Ya buɗe baki zai roƙi gafara, ta sa ƙafa ta turo masa wata 'yar kujera daga ƙarƙashin tebur. Tasa ce ta da, ba ta taɓa ba kowa ba. Nan hawaye ya zubo masa, kuma ba na Dogo ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan tashin jirgi. Za a naɗe gawar da wayarta, a sa a kwalin sabulu, a rufe a aljihun tebur na ƙasa. Ana zaman makoki a gindin darbejiya daga safe zuwa la'asar. Masu zuwa ta'aziyya su fara gaida Madam Susan, kuma kada su ja mai makoki da dogon zance, domin saura wasiƙa tara, kuma Inna tana duba kowane layi.