Ta Mutu da Makullin Hajiya a Bakinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa takaici ne, Tawfiq mai gyaran wutar mota a Karmo yana sanar da rasuwar na'urarsa ta rubuta makullin mota, wadda ake jona wa laftof da wayar USB. Ta cika ranar Talata da azahar a bakin aiki, wurin da ba a saba ganinta ba.

Wanda ya sayar da marigayiyar ya rantse 'yar Jamus ce. Jamus ba ta da labari. An shaide ta da kunya: ko an jona ta, sai laftof ya ce bai ga kowa ba. Kalmominta biyu ne a duniya, "tilin" in ta shigo, "tulun" in ta fice, galibi a numfashi ɗaya.

Ta daɗe tana jinya. Tawfiq ya sauya mata waya, ya zaga da ita duk ramukan laftof, ya goge mata haƙora da burushi, ya sake mata manhaja. Ba ta amsawa sai an tokare wayar da silifas. Ga zazzaɓi. Sai ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, fanka na kanta ita kaɗai kamar babban sakatare.

Ranar ajali aka kawo jif ɗin Hajiya Nabilah, darakta a wata ma'aikata, a ƙara mata makulli. Marigayiya ta goge tsohon makullin daga ƙwaƙwalwar motar da ƙwazon da ba a san ta da shi ba. Tana tsaka da rubuta sabon, zafi ya taso. Simon bakanike ya ce, "Oga, ɗora mata ledar fiya wata mai sanyi, haka muke yi wa caja." Aka ɗora. Leda ta yi gumi, gumi ya gangara ciki. Ƙauri, hayaƙi, shiru.

Ta bar laftof, da tarin wayoyi marayu, da jif wadda yanzu ba ta san kowane makulli ba. Direban Hajiya ya ce, "Malam, kai za ka faɗa mata da bakinka. Ni ina da iyali."

Ba sai an yi wa gawa wanka ba, Simon ya ɗauke nauyin. Za a miƙa ta ga 'yan gwangwan, in sun karɓa. Zaman makoki a shago ne gobe da la'asar, lokacin da Hajiya ta ce za ta zo ɗaukar motarta da kanta. Tawfiq na roƙon masu ta'aziyya su zo da yawa, su zauna tsakaninsa da ƙofa.