Cika-ciki ta Ramin Wasiƙa

"...wa barakatuhu! Na amsa wa kaina, tun da masu gidan ba su da tarbiyya. Ina bawana?"

Ta ramin wasiƙun ƙofa muryar ta shigo, yatsu biyu sun ɗage murfin. Halliru ya tsaya cak a tsakar ɗaki. Ko cikin barci ya san muryar Sunusi, taubashinsa, ɗan kawunsa mai karatu a Manchester. Tun da aka rage ma'aikata har da shi a ofishinsu na Council, wato ƙaramar hukuma, akantan namu ya kulle kansa a benensa na unguwar Ladywood a Birmingham, ya daina ɗaga waya. Ga shi yau cika-ciki, ranar da kowace shekara yake tara abokai su ci naman rago har su kasa tashi. Bana kuwa ko albasa babu a gidan, kuma kunyar a gan shi haka ta fi yunwar damunsa.

"Ba na nan," in ji shi.

"To wa ke magana?"

"Wanda ya bar wa gadin flat."

"Madalla. Gaya masa ubangidansa ya zo duba kayansa. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Yana zanen goyo aka ba ni shi kyauta, na ce sai an haɗa mini da akuya kada in yi asara."

"Akuyar ta riga ka gama uni. Na ji supervisor ɗinka ya yi ritaya, jikansa ya gaje ka."

"Bincike ake ce masa, jahili. Matsa, ga baƙuwa nan."

Sai ga wani abu mai kusurwa uku ya leƙo ta ramin. Yankin fiza ne, ya sandare don sanyi. Halliru ya cafe shi kafin ya kai ƙasa, don girman kai bai hana hannu aikinsa ba.

"Wannan gawar daga ina?"

"Gawa? Daga unguwarmu Hulme, can Manchester, na rako ta a coach. Kujerar taga na ba ta, na ɗaura mata bel. Direba har ya tambaya ko tana da aure."

"Birmingham babu fiza ne?"

"Taku? Tayar mota kuke yankawa ku shafa tumatir."

"Gara tamu. Taku ruwan sama ne ya dafa ta, tun da ku rana sai a talabijin kuke ganinta."

Ya gatsa. Ashe mugun ya barbaɗe ta da yajin ƙuli, irin wanda kakarsu take dakawa a Kano. Hawaye suka zubo masa, shi kansa bai san na yajin ne ko na wani abu ba. Yanki na biyu ya shigo, na uku ya biyo shi.

"Ka ƙoshi, bawa. Wanda bai cika cikinsa yau ba, da yunwa zai ƙare shekara, ni kuma ba na son kayana su rame, farashinsu ya faɗi."

"Wa zai saye ni? Council ma ta ce ba ta so."

"Council ta sallame ka, ni ban sallame ka ba. Aikina babu ritaya, babu hutu, babu albashi."

Wani ya tuntsire da dariya a waje, wani ya ce masa ya yi shiru. Halliru ya matso kusa da ƙofar.

"Sunusi, kai da wa?"

"Ni da Nuru da Ja'afaru. Lift ɗinku ya mutu, da ƙafa muka hau. Ja'afaru ya yi wasiyya a hanya, ya bar mini motarsa."

Abokan da yake gudu ke nan, waɗanda suka saba cin ragonsa. Ya jingina goshi da ƙofa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Don Allah ku tafi. Wallahi bana ba ni da abin da zan ba ku."

Can Sunusi ya yi gyaran murya.

"Ƙarya kake, marowaci. Ga kwalaben malta a gabanmu masu sanyi, tun ɗazu muna kallon su suna kallon mu. Mun manta mabuɗi."

"Ku sa haƙori mana. Naka ai sun isa cire ƙusa."

"A ƙasar nan? In ya karye, wa zai ga dentist kafin baɗi? Miƙo mabuɗi."

Halliru ya shiga kicin ya ɗauko shi. Zai shige ta ramin sarai, ya san da haka, su ma sun sani. Ya tsaya yana juya shi a hannu, yana jin Nuru da Ja'afaru suna faɗa a kan yankin da ya fi nama. Rabon da ya ji irin wannan hayaniyar a ƙofarsa har ya manta, ashe ita yake kewa ba ragon ba.

Ya zare sakata.

Ga su nan zaune a dandamalin bene da rigunan sanyi, kwalin fiza a tsakiya, ko wanda ya yi masa jaje babu. Nuru ya matsa masa wuri kawai.

"Na yarda, ubangida," in ji Halliru yana dariya, yana share ido. "Ga kyautar bawanka."

Sunusi ya ƙi karɓa, ya tura masa kwalaben.

"Wa ya taɓa ganin ubangida yana aiki? Buɗe mana. Ka fara da taka."