Kiyashi a Keken Ɗinkina

Ba na yarda kowa ya taɓa keken ɗinkina. Shekara da shekaru ina ɗinka bargon jarirai mai cushen auduga, ban taɓa neman mai gyara ba.

Da 'yata ta haihu a Danja, na yi alkawarin bargo kafin suna. Man keke ya ƙare, sai na ɗiga masa man gyaɗa. Matar ɗana Rabi ta ce, "Mama, anya kuwa?" Kallo ɗaya na yi mata, ta kama gabanta.

Ba a jima ba zare ya shiga tsinkewa, allura tana tsallake ɗinki. Na ce baki ne ya kama ni, har hayaƙi na yi wa keken. Da ƙyar na yarda aka ɗauko Malam Sule mai gyara daga Malumfashi. Yana buɗewa kiyashi suka watso. Ya sunsuna, ya ce, "Hajiya, ƙosai ake soyawa a nan?" Rabi ta toshe baki da mayafi.

Hannu wofi na je suna. Jaririyar nan yanzu ta yi baki, an kuma ba ta labarin, ko sallama ba ta gamawa take cewa, "Kaka, a ɗora keke, yunwa nake ji."